Daga Keken Phoenix Zuwa Faifan Sola: Sauyin Rayuwa Tsakanin Ƙasar Sin da Ƙasar Kazaure

A shekarar 1978, lokacin da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ke cikin tsohuwar Jihar Kano, babu wanda zai kalli ƙasar Sin ya yi sha'awar zaman talakanta. A lissafin masana tattalin arziki, abin da ke zuwa kan kowane ɗan Nijeriya daga dukiyar ƙasa a wannan shekara ya fi ninki biyu na abin da ke zuwa kan Basine, domin kuɗin man fetur na shigowa, naira na da daraja, kuma ƙarin albashin ma'aikata na Udoji bai daɗe da ratsa kasuwanni ba. Ƙauyukan arewa maso yammacin Kano dai ba su ga wannan arziki da yawa ba. Farin 1973 da 1974 ya karya garken shanu, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta kashe amfanin da manomi ke samun kuɗi da shi, kuma in ka bar titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, sauran hanyoyi na jaki ne da ƙafa. Duk da haka manomin nan gonarsa tasa ce, rumbunsa nasa ne, kuma ranar kasuwa yana iya kai geronsa ya sayar wa wanda ya ga dama.

Manomin Sin bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka haɗe gonaki aka mai da su gandayen haɗin gwiwa, mutum ya fita aiki da ƙararrawa, a rubuta masa maki, a ƙarshen shekara a ba shi rabonsa gwargwadon makin. Yunwar da ta biyo bayan wannan tsari tsakanin 1959 da 1961 ta ci miliyoyin rayuka. A birane kuwa, inda mutum ƙasa da ɗaya cikin biyar ke zaune, kuɗi kaɗai ba ya sayen hatsi ko man girki ko yadi sai an haɗa da takardar rabo ta hukuma. Burin saurayin da zai yi aure a wancan zamani bai wuce abu huɗu ba, keke da agogon hannu da keken ɗinki da rediyo, kuma shi kansa keken sai an jira takardar izinin sayensa daga wurin aiki, wani lokaci shekara da shekaru.

A ƙarshen wannan shekara ta 1978, magidanta 18 na ƙauyen Xiaogang da ke lardin Anhui suka haɗu a ɓoye, suka raba gandun ƙauyensu gida-gida, suka dangwala yatsa a takarda bisa alkawarin cewa in aka kama wani a cikinsu, sauran za su riƙe masa 'ya'ya. A watan Disamba kuma babban taron jam'iyya mai mulki a Beijing ya karkata ga ra'ayin Deng Xiaoping na gyaran tattalin arziki da buɗe ƙofa. Girbin da ya biyo baya a Xiaogang ya isa hujja, hukuma ta kau da kai da farko, daga baya ta amince, kuma zuwa 1984 gandayen sun watse a kusan duk faɗin ƙasar. Manomi ya ba gwamnati kasonta, ya sayar da ragowar. A 1980 aka keɓe Shenzhen, wani yanki na ƙauyuka da masunta a maƙwabtan Hong Kong, domin masu jari na waje su kafa masana'antu. Babu wanda ya ji labarin waɗannan abubuwa a kasuwar Babura, amma daga nan aka fara ƙulla abin da zai canja abin hawa da fitila da tufafin mutanen yankin.

Kayan Sin ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa tun kafin wannan lokaci, sai dai ba a cika lura da asalinsu ba. Gidan rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa a 1963, Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing ranar 10 ga Fabrairu 1971, amma kafin jakadu su zo, 'yan kasuwa sun riga su. Wasu iyalan Sinawa masu masana'antu, waɗanda suka bar Shanghai suka koma Hong Kong bayan juyin 1949, sun zo Nijeriya a shekarun samun 'yanci suka kafa kamfanonin kwanuka da robobi a Legas da Kano, kuma wani Basine, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a tsakiyar shekarun 1960. Daga Shanghai keken Phoenix ke zuwa, wanda ya zama madadin Raleigh ga wanda kuɗinsa bai kai ba, daga can kuma keken ɗinki na Butterfly, baƙi mai zanen ruwan zinariya, wanda har yau ake taka shi a rumfunan teloli. Batirin Tiger Head da ke cikin rediyo da tocila daga Guangzhou yake. Koren ganyen shayin da Buzaye da mutanen kan iyaka ke dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi shi ma daga Sin fatake ke kawo shi.

Inda aka fi ganin wannan shiga ta farko shi ne ɗakin amarya. A da, jeren mace ƙore ne, a kankare su, a yi musu zane, a jera su bisa juna daga babba zuwa ƙarama, sai akushi da faifai da 'yan tasoshin tagulla ga mai hali. Da kwanon ƙarfe mai fenti ya samu, sai kwalla da langa suka hau bango, uwa ta shekara tana tara su ɗaya bayan ɗaya da ribar ƙuli-ƙuli ko kuɗin adashi tun yarinya ba ta isa aure ba. Ranar jere 'yan'uwa mata su taru, a goge kowane kwano har ya ɗauki ido, a ɗora su jeri-jeri daga kan gado har kusa da rufi, masu furanni ja a gaba, masu murfi a sama, kuma galibinsu ba za a taɓa zuba musu tuwo ba. Dukiya ce ta mace, wadda za ta iya cire ɗaya ta sayar ranar da ciwo ya kama yaro ko damina ta yi tsanani. Masu gyartai da masu sassaƙar akushi su ne suka fara jin sanyin kasuwa, tun ba a san za a kai ga masaƙa da marina ba.

Shekarun 1980 su ne suka raba hanya. A Sin aka soke takardar rabon yadi a ƙarshen 1983, ƙananan masana'antu suka tsiro a garuruwa da ƙauyuka, kuma abin da dangin amarya ke tambaya ya tashi daga keke da agogo ya koma talabijin da firiji da injin wanki. A Nijeriya farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta fara gangarowar da ba ta tsaya ba. Malamin makarantar da a da ke karɓar bashin sayen Honda ko Suzuki ya koma lallaɓa tsohon kekensa, Fijo ta Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci, gwanjo da kayan da Turawa suka gama amfani da su suka cika kasuwa. Wannan shi ne sanadin da ya kamata a riƙe, domin shi ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya: a daidai lokacin da aljihun mutanen nan ya kasa ɗaukar kayan Ingila da Japan, a daidai lokacin wata ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin hannuwa ke koyon ƙera irin waɗannan kaya a kan rabin kuɗi ko ƙasa da haka.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Kazaure da Roni da Gwiwa suka shiga cikinta ƙarƙashin masarautar Kazaure da Ɗantunku ya kafa a 1819, Babura kuma ta shiga ta ɓangaren Ringim. Hedikwata ta koma Dutse, can nesa ta kudu maso gabas, amma ciniki bai bi taswira ba, Kano ta ci gaba da zama kasuwar da ake saro kaya. A farkon shekarar da ta biyo baya Deng Xiaoping, yana tsoho mai shekara 87, ya yi rangadin kudancin ƙasarsa ya ce a ƙara sauri. A 1993 aka daina amfani da takardar rabon hatsi. Daga nan aka shiga ƙaura mafi girma da aka taɓa gani a lokacin zaman lafiya, matasa maza da mata suka bar ƙauyukan Sichuan da Hunan da Henan suka nufi masana'antun bakin teku, suna kwana takwas ko goma a ɗaki guda, suna aiki sa'a goma sha biyu, suna aika kuɗi gida. Ci-rani ne irin wanda mutumin Gwiwa ya sani, sai dai shi nasu ba ya ƙarewa da faɗuwar ruwan farko. Sau ɗaya a shekara, lokacin bikin sabuwar shekararsu, suke cika jiragen ƙasa su koma ganin iyaye da 'ya'yan da suka bari. A yau adadinsu ya kai kimanin miliyan 300.

Abin da ya fara isowa yankin Kazaure daga hannun waɗannan 'yan ci-rani, ya kuma bar alama mafi zurfi, shi ne babur. Masana'antun Sin sun koyi ƙirar Japan, suka yi ta fitar da babura har suka wuce abin da kasuwarsu za ta sha, sannan manyan biranensu suka fara hana hawa babur a tsakiyar gari saboda cunkoso da ƙwace da hayaƙi, har Guangzhou ta haramta shi baki ɗaya a tsakiyar birninta a farkon 2007. Abin da aka kora daga titunan can sai ya nemi teku. Daga ƙarshen shekarun 1990 Jincheng na birnin Nanjing ya cika Kano, yana zuwa a kwali, makanikai su haɗa shi a bakin titi, daga bisani wasu sunaye suka biyo. Ba ya da ƙarkon Honda, kowa ya san haka, amma kuɗin Honda ɗaya na iya sayen biyu ko fiye, kuma kayan gyaransa na nan a kowace rumfa.

Wanda bai zauna a ƙauyen da ke bayan duwatsun Roni ba, zai yi wuya ya auna girman wannan canji. Tafiyar da ke cin wuni ta koma ta sa'a ɗaya. Mai naƙudar da ake ɗorawa a amalanke ana jan shanu a hankali, yanzu ana iya kai ta asibitin Kazaure kafin abu ya ɓaci. Ɗan kasuwa da ke cin kasuwa ɗaya a mako ya koma cin uku ko huɗu, buhu biyu a baya, kaji a rataye a gaba. Acaɓa ta zama sana'ar matasa, 'yan siyasar da suka zo da mulkin farar hula a 1999 suka gano cewa babu kyautar da ke sayen zuciya kamar mabuɗin babur, kuma saurayi mai neman aure ya san gidan su yarinya sun fara duban abin da ya hau ya zo. Asibitoci kuwa suka fara karɓar karaya irin wadda ba su saba gani ba, masu ɗori suka yi suna. Daga baya Bajaj na Indiya ya karɓe kasuwar haya saboda juriya da ƙarancin shan mai, kuma da Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013 saboda matsalar tsaro, matasa da yawa na waɗannan ƙananan hukumomi suka dawo gida da baburansu ko suka gangara kudu. Amma babur mai araha na Sin ne ya fara sauke talaka daga kan jaki.

Shekarar 2001 ta haɗa abubuwa biyu da ba a ga dangantakarsu ba sai daga baya. A watan Agusta kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, ƙasar da layukan wayarta na gida ba su kai rabin miliyan ba, kuma ranar 11 ga Disamba Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kasuwannin duniya suka buɗe wa kayanta. A wannan tsakani ne Gwamnan Jigawa Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a garin tare da haɗin gwiwar wata makaranta ta Singafo, a lokacin da mutane da yawa ke ganin jihar da ke fama da ƙarancin rijiya ba ta da haɗi da irin wannan buri. Layin waya a farko ya kai naira dubu ashirin ko fiye, wayar kanta Nokia ce ko Motorola, sai mai hali. Masu lema da tebur suka zauna a bakin tasha ana biyan su kuɗin kira minti-minti, kuma a ƙauyukan da sabis bai isa ba, akwai tudu ko bishiyar da kowa ya san nan ake zuwa a ɗaga hannu.

Abin da ya sa waya ta shiga kowane gida ya fito ne daga Shenzhen, wadda a lokacin ta zama birni mai miliyoyin mutane. A kasuwarta ta Huaqiangbei ana iya haɗa waya daga ɓangarori cikin kwanaki, kuma daga can wayoyi marasa suna suka kwararo, masu ƙarar da ke cika unguwa, masu tocila da rediyo da gurbin layi biyu ko uku. A 2006 aka kafa kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda ya bar kasuwar ƙasarsa ya fuskanci Afirka kacokan. Masu shi sun lura da abin da manyan kamfanoni suka raina: mutum na riƙe layi biyu saboda sabis ba ya tabbata, yana buƙatar batirin da zai kwana uku saboda babu wuta, yana son hoton da zai fito da baƙar fuska sarai, yana kuma son rubutun waya da harshensa, har da Hausa. Zuwa 2017 kamfanin ya fi kowa sayar da waya a nahiyar.

Da yake wutar lantarki ba ta bi waya zuwa ƙauye ba, sai wata sana'a ta haihu. A kowace kasuwa ta yankin za ka tarar da rumfar mai caji, ƙaramin janareta na kuka a bayanta, a ciki an kafa katako mai ɗauke da soket hamsin ko fiye, wayoyi sun jeru kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita ya riƙe ɗaya rabin. Yaro na zaune da littafi yana karɓar kuɗi, gefensa wani da kwamfuta yana tura wa mutane karatun malamai da waƙoƙi da finafinan Kano a katin waya. Janaretan da soket ɗin da cajar da wayoyin, kusan dukkansu daga wuri ɗaya suka fito. A cikin gidaje kuma fitilar ƙwai da aci-balbal suka ja baya, fitila mai batir da farin haske ta maye gurbinsu, mai tallan kananzir da kwalba ya nemi wata sana'a. A fadamu da gefen madatsar ruwan Kazaure injin ban-ruwa ya kori jigo, mai noman rani da ke shayar da 'yan kwamai kaɗan da guga ya faɗaɗa zuwa kadada.

Ba kowa ne ya ci ribar wannan araha ba, kuma wanda ya fi kowa biyan kuɗinta shi ne mai yin tufafi. Masaƙun Kaduna da Kano sun riga sun raunana saboda rashin wuta da tsadar baƙin mai da tsofaffin injuna da lalacewar noman auduga, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa baƙo laifin duka. Amma atamfar da ake bugawa a Sin, wadda ke kwaikwayon zanen Holan da na gida, tana sauka Kwatano ko Lome, ta haura Nijar, ta shigo ta kan iyakokin arewa duk da haramcin da ke kan takarda, ita ta ƙarasa su. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, kuma abin lura ne cewa masaƙar da Basine ya kafa ita ma kayan Sin ne suka taimaka wajen durƙusar da ita. Dubban ma'aikata suka koma garuruwansu. A Kantin Kwari, inda 'yan kasuwar Kazaure da Babura ke saro kayan sallah da na lefe, Sinawa da kansu suka zo suka kama shaguna, har jami'an shige da fice suka kama wasu daga cikinsu a 2012, kuma a 2015 marina na Kano suka fita zanga-zanga saboda shaddar da ake kawowa a rine. Mace a Gwiwa dai ta samu turmi uku a kuɗin da a da ke sayen ɗaya, akwatin lefe ya ƙara nauyi, tela ya samu aiki. Samu da rashin duka gaskiya ne, sai dai ba mutum ɗaya suka faɗa wa ba. Manyan 'yan kasuwar Kano kuwa suka koyi hanyar Guangzhou da Yiwu, suna zuwa da samfur a jaka, su faɗi farashin da mutanensu za su iya biya, a ƙera musu daidai wannan kuɗin. Yawancin abin da ake kira rashin ƙarkon kayan Caina a wannan ciniki aka yanke shi.

A Sin kuwa rayuwar gida ta ci gaba da hawa. A 1998 aka daina raba wa ma'aikata gidajen hukuma, mutane suka fara sayen nasu da bashin banki. A 2006 aka soke harajin noma, wanda manoman ƙasar suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna biya ta wata siga ko wata. A 2008 jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya fara aiki tsakanin Beijing da Tianjin, a 2009 ƙasar da aka sani da tekun kekuna ta zama kasuwar mota mafi girma a duniya, a 2011 mazauna birane suka haura rabin al'umma. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara arba'in. Dangin amarya yanzu gida da mota suke tambaya. Farashin wannan hawa shi ma ba ƙarami ba ne: hayaƙin da ya rufe birane, koguna da suka gurɓata, miliyoyin yaran da suka tashi hannun kakanni ba su san iyayensu sosai ba, da dokar haihuwar ɗa ɗaya da aka tsananta daga 1980 har zuwa ƙarshen 2015, wadda ta bar miji da mata da nauyin tsofaffi huɗu. An sassauta zuwa biyu, sannan uku a 2021, amma matasa sun ce tsadar gida da makaranta ba ta bari, kuma a 2022 yawan jama'ar ƙasar ya ragu, karo na farko tun 1961.

Wadatar Sinawa ta dawo wa yankin nan ta wata hanyar da babu wanda ya zata. Akwai wani magani nasu na gargajiya da ake dafawa daga fatar jaki, wanda a da sai masu sarauta da attajirai, amma da masu matsakaicin hali suka yawaita sai buƙatarsa ta ninka. A lokaci guda manoman Sin sun koma tarakta, jakunansu da suka kai kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990 suka ragu zuwa ƙasa da rabin haka. Dillalai suka juyo Afirka. A kasuwannin dabbobi na kan iyaka, irin su Maigatari, farashin jaki ya yi tashin da tsofaffi ba su taɓa gani ba, ana loda su a manyan motoci ana gangarawa kudu inda ake yanka su. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka ta amince da hana cinikin fatar a Fabrairun 2024. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne manomin da bai kai ga babur ba, wanda har yanzu da mangala yake kai taki gona, da jaki yake ɗebo ruwa da yashi, kuma in nasa ya mutu ko aka sace, ba ya iya maye gurbinsa. Riɗin Jigawa ma ya samu kasuwa saboda Sin na cikin manyan masu sayensa a duniya, ana tara shi a Dawanau a wuce da shi tashar jirgin ruwa, galibi ɗanye ba a matse ba.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da sauri. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, Babura ta ji a jikinta. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal, wanda wani babban kamfanin gine-gine na gwamnatin Sin ke da kaso mai yawa a cikinsa. A farkon 2023 canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har mai tumatir da mai nama da ba su taɓa shiga banki ba suka koyi karɓar taransifa. Manhajojin da suka fi tsayawa da ƙafafunsu a wannan rikici, OPay da PalmPay, jarin Sinawa ne a bayansu, kuma sun ɗauko tsarin ne daga ƙasar da Alipay da WeChat suka riga suka sa mai sayar da kayan miya ya daina neman canji.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Litar mai ta ninka sau uku cikin 'yan makonni, ta kuma ci gaba da hawa, sai janareta da injin ban-ruwa da babur, waɗanda aka gina sabuwar rayuwar ƙauye a kansu, suka zama masu cin riba tun kafin a same ta. Mafitar da aka samu ita ma daga can ta zo, domin Sin ce ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na kayan sola na duniya, kuma yawan abin da take fitarwa ya karya farashinsu. Faifan sola ya hau rufin masallatai da shagunan caji da rijiyoyin burtsatse, masu noman rani da ke da hali suka fara sauya injin mai da famfon da rana ke turawa. Faɗuwar naira dai ta sa kayan Caina ba su da arahar da aka san su da ita, sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, wayar da a da ake yarwa in ta lalace yanzu ana kai ta gyara sau biyu sau uku. A bakin titin Kazaure da tashar Babura rumfunan masu gyaran waya da masu haɗa sola da makanikan babur sun ƙaru, kuma yawancin masu zama a cikinsu matasa ne da aka haifa bayan 2001, waɗanda suka koyi aikin a wurin wani ubangida a Kano ko daga bidiyon da suke kallo a wayar da suke gyarawa.